Komawa nitson sikuba bayan tiyatar dajin mama: me zan duba kafin in shiga ruwa?

Uwar Biyu

Assalamu alaikum. Ina neman bayani daga waɗanda suka san nitso kuma suka san jiki. Shekarata 46, ina da shaidar nitson sikuba, wato nitso da tukunyar iska a baya, tun kafin rashin lafiya, kuma a Bahar Maliya nake yi, wajen Sharm el-Sheikh da Dahab a Masar. Shekara ɗaya da wata huɗu ke nan da aka cire min maman hagu saboda daji, aka kwashe kaluluwar hammata. An yi min kemo da doksorubisin sau huɗu, sai Taxol na mako 12, sannan gashi, wato haska wurin da na'urar kashe daji, sau 15 wanda aka gama wata takwas da suka wuce. Maganin Herceptin kuma watan jiya na karɓi na ƙarshe. Wata huɗu ke nan da aka cire jakar buɗa fata da aka fara sa min don sake gina maman, aka sa ta silikon. Yanzu tamoksifen nake sha kullum.

Likitan daji ya ce shi daga ɓangarensa bai ga abin da zai hana ba, amma ya ce nitso ba fanninsa ba ne. Shin jakar silikon za ta iya fashewa a zurfi? Matsin ruwa zai kumbura min hannu? Wane gwaji zan nema, kuma yaushe ya dace in koma?

Likitan Nitso

Wa alaikumus salam. Hajiya, sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi.

Batun jaka shi ne mafi sauƙi a cikin tambayoyinki. Ruwa da silikon ba sa matsuwa, iska ce ke matsuwa. A zurfin mita 10 matsi ya ninka na saman ruwa, iskar da ke rufe a wani wuri sai ta koma rabin girmanta, a mita 30 ta koma kashi ɗaya cikin huɗu, in aka taso kuma ta sake buɗewa. Jakar silikon babu iska a cikinta, don haka zurfi ba ya fasa ta. A wani bincike da aka buga a 1988 an gwada irin waɗannan jakunkuna a ɗakin matsi, inda ake ƙara matsin iska kamar na zurfin ruwa, na Jami'ar Duke da ke Amurka. An ga naitirojin na ratsawa cikinsu, ƙananan kumfa su fito bayan an rage matsi, amma ƙarin girman bai kai ya yi wa jakar ko naman da ke kewaye da ita lahani ba. Wadda ba a nitso da ita ita ce jakar buɗa fata, domin wasu likitocin da iska suke fara cika ta, ga fatar da ke kanta a miƙe. Ke kin wuce wannan matakin.

Huhu da zuciya su ne za su yanke hukunci, kuma su ne aka fi mantawa da su saboda ba a ganin tabonsu a madubi.

Gashin ƙirji yakan shafi gefen huhun da ke bayan haƙarƙari, musamman in an haɗa da kaluluwar gindin wuya. Kumburin huhu na gashi yakan bayyana tsakanin wata ɗaya zuwa shida bayan an gama, da busasshen tari da haki da ɗan zazzaɓi. Tabo kuwa a hankali yake kafuwa, daga wata shida har wajen shekara biyu. A doron ƙasa ƙaramin tabo ba ya damun kowa. A ruwa, in tabon ya matse wata ƙaramar hanyar iska, iskar da kika shaƙa a zurfi za ta maƙale a bayansa, ki taso ta buɗe ta rasa mafita, sai ta yaga huhu. Daga nan ko ta taru a kogon ƙirji ta danne huhun, ko ta shiga jijiyar jini ta wuce ƙwaƙwalwa. Tasowar mita ɗaya da rabi kusa da saman ruwa ta isa ta jawo haka, saboda haka tsayawa a wuri mara zurfi ba kariya ba ne ga mai irin wannan tabon.

Gwaji uku za ki nema. Na farko gwajin hura iska, wato sipirometiri: ana so FVC (dukan iskar da kika fitar) da FEV1 (wadda ta fita a daƙiƙar farko) su kai kashi 80 cikin ɗari na abin da ya dace da shekarunki da tsawonki, kuma iskar da kika fitar a daƙiƙar farko ta wuce kashi 70 na dukan abin da kika fitar. Na biyu gwajin ratsawar iska daga huhu zuwa jini, wanda a takarda ake rubuta DLCO. Na uku hoton siti (CT) na huhu mai kaifi, a ɗauka kin cika huhu, a sake ɗauka kin fitar da iska. Wanda aka ɗauka kin fitar da iska shi ne ke nuna inda iska ke maƙalewa, kuma in ba a rubuta a takardar nema ba yawanci ba za a ɗauke shi ba. Hoton ƙirji na yau da kullum ba ya wadatarwa.

Zuciyarki kuwa abu uku suka bi ta kanta. Doksorubisin sau huɗu yawanci miligiram 240 ne a kan kowace murabba'in mita ta jiki, ƙasa da iyakar 450 zuwa 550 da ake gudu, amma illarsa kan iya ɓoyewa sai bayan shekaru. Herceptin na iya rage ƙarfin bugun zuciya, galibi yakan dawo, sai dai maganin kan kai wata bakwai kafin ya gama fita daga jiki. Sai gashin hagu: binciken 2013 a kan matan Suwidin da Denmark ya nuna haɗarin ciwon jijiyoyin zuciya na ƙaruwa da kashi 7.4 cikin ɗari a kan kowane girai ɗaya (ma'aunin yawan gashi) da zuciya ta sha. Ki tambayi likitan gashi nawa taki ta sha, yana cikin tsarin da suka zana.

Dalilin damuwa da wannan shi ne, da zarar mutum ya shiga ruwa zuwa wuya, jini rabin lita ko fiye yakan baro ƙafafu ya dawo ƙirji. Zuciya mai rauni takan kasa tura shi, ruwa ya tsattsafo cikin huhu, mutum ya fara haki da tari da kaki mai kumfa yana cikin teku. Don haka a yi miki eko, wato hoton zuciya, a ga LVEF (kason jinin da zuciya ke turawa a kowane bugu) bai yi ƙasa da kashi 50 ba kuma yana kusa da na farkon da aka ɗauka kafin kemo, a yi gwajin bugun zuciya na ECG, a hau da ke injin gudu a ga yadda zuciyar ke ɗaukar wahala. Takardar tantance lafiyar masu nitso ta 2020 ta kawo ma'auni: tafiyar kilomita 1.6 cikin minti 14, ko ninƙayar mita 200 ba hutawa. Wannan shi ne mafi ƙaranci. Takardar nan kuma ta ce duk wanda aka yi wa tiyata cikin wata 12 sai likita ya sa hannu, kuma sauya jaka tiyata ce. A takardar gwajin jini a duba himogulobin (ma'aunin ƙarancin jini) ya kai 12, fararen ƙwayoyi nau'in nutirofil sun kai 1.5, ƙwayoyin daskarar da jini sun wuce 100.

A ganina ki bari sai an yi ekon bayan Herceptin, wata uku zuwa shida daga yanzu. Kafin nan gashi ya kusa cika shekara ko ya cika, hoton siti zai fi faɗin gaskiya. Kada ki ji tsoron cewa matsi zai ta da cutar, babu shaidar haka, hasali ma da oksijin a ɗakin matsi ake jinyar raunin da gashi ya bari. Wadda cutar ta taɓa wa huhu ko ƙwaƙwalwa ko ƙashi, tata maganar daban ce.

Mai Gashin Ƙashi

Hajiya, barka da arziki. Zan ɗauki batun hannu.

Cikin matan da aka kwashe wa kaluluwar hammata, kusan ɗaya cikin biyar kan samu kumburin hannu, yayin da waɗanda aka cire wa ɗaya ko biyu don gwaji ba su wuce kashi 6 cikin ɗari ba. Kina cikin rukunin farko, ga gashi a kai, don haka tambayarki a kan hanya take. Amma ruwa kansa ba ya kumbura hannu. Yana matsa shi ta kowane gefe kamar safar matsi da muke ba marasa lafiya, shi ya sa ma muke tura su motsa jiki a ruwa. Abin da ke jawo kumburi yana wajen ruwa: bakin hannun riga mai shaƙe wuyan hannu, igiyar kafaɗa da ta nutse a tsoka, ɗaukar kaya mai nauyi ba shiri, zafin rana a kan jirgi, da rauni.

Tun yanzu ki samo tef na tela ki auna hannayen biyu da safe: tafin hannu, wuyan hannu, santimita 10 ƙasa da gwiwar hannu, da santimita 10 sama da ita. Ki rubuta. A wurin nitso ki maimaita kowace safiya. In wani wuri ya ƙaru da santimita 2, ko zobe ya fara kama yatsa, ko hannun ya yi nauyi, ki huta ranar, ki ɗaga shi, ki sa safar matsi. In an riga an rubuta miki safa, ki sa a jirgin sama da kuma bayan kin fito daga ruwa kin bushe.

Tsohuwar shawarar nan ta kada a ɗaga komai da hannun ta faɗi tun binciken Jami'ar Pennsylvania na 2009, wanda ya nuna ɗaga ƙarfe a hankali ba ya ƙara kumburi, har yana rage tashinsa. Ki fara da rabin kilo zuwa kilo ɗaya, sau biyu a mako, ki riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan matuƙar awon bai motsa ba. Wata uku na wannan kafin tafiya ya fi duk wata dabara.

Kafaɗa ma sai an gwada ta. Ki iya miƙe hannun hagu sama sosai, ki kai shi bayan wuya, ki kai shi tsakiyar baya daga ƙasa, ki kuma ja nauyin jikinki a tsani. In kina jin wata jijiya kamar igiya ta ɗaure daga hammata zuwa gwiwar hannu, ko naman ƙirji ya ƙage bayan gashi, a sake su da gashin ƙashi da miƙewa tukuna. Ƙagewar nan takan ci gaba shekara guda bayan gashi ga wadda ta daina motsa kafaɗar.

Rauni shi na fi tsoro. Murjani da bushiyar teku da tsatsar tsani duk suna yanka, kuma hannun da ba shi da kaluluwa ba ya kare kansa da sauri. Ki sa riga mai dogon hannu ko da ruwa da ɗumi. Cibiyoyi da yawa a Masar ba sa barin safar hannu don kare murjani, sai ki tafi da takardar likita ki tambaya. Ko ƙwarzane ne, ki wanke da ruwan daɗi da sabulu, ki sa maganin kashe ƙwayoyin cuta, ki zagaye wurin da biro. In ja ya ƙetare layin, ko wurin ya yi zafi, ko zazzaɓi ya zo, a ranar za ki ga likita, ki ce masa a ruwan teku kika ji raunin, domin ƙwayoyin teku irin su bibiriyo maganinsu daban ne. Fatar hammata da bayan damtse kuma yawanci a sage suke bayan tiyata, ɗinkin riga zai goge ki ba ki ji ba. Ki sa 'yar riga mai santsi a ciki, ki duba wurin a madubi duk yamma.

Uwar Biyu

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Likita, na bar abu biyu: fot ɗin da ake ba ni magani ta cikinsa yana nan a ƙirjin dama, kuma yatsun ƙafata suna ɗan sagewa tun lokacin Taxol.

Likitan Nitso

Fot ruwa ne a cikinsa, matsi ba ya taɓa shi. In fatar kansa ta warke kuma babu allura a ciki, ana nitso da shi, illa dai kada igiya ta hau kansa. Tunda an gama Herceptin, ki tambaya ko za a cire, sai ki jira wurin ya rufe sarai. Layin da ke fitowa waje a damtse ne ba a shiga ruwa da shi ko kaɗan.

Sagewar ta fi muhimmanci. Ciwon kumfa, wanda naitirojin ke jawowa in ya yi kumfa a jiki bayan tasowa, alamunsa su ne sagewa, jin kamar ana soka allura, ciwon gaɓa, gajiya mai tsanani, jiri. Ga wadda ke da wasu daga cikinsu tun da farko, kuskure biyu ke jiranta: ta ɗora sabuwar alama a kan Taxol ta ɓata lokaci, ko a sa ta ɗakin matsi a kan tsohon abu. Maganin wannan shi ne likitan jijiya ya gwada ki kafin tafiya, ya rubuta iyakar inda sagewar ta tsaya a kowace ƙafa, da ƙarfin gaɓoɓi, da daidaiton tsayuwa, ki tafi da kwafi. Duk abin da ya bambanta da takardar nan cikin awa 24 bayan nitso, a ɗauke shi ciwon kumfa: a ba ki oksijin zalla, a kira ɗakin matsi. Akwai su a Sharm el-Sheikh da Dahab. Ki gaya musu doksorubisin da gashin da aka yi miki.

Akwai nau'in ciwon kumfa da ke toshe hanyoyin ruwan kaluluwa, ya kumbura ƙirji ko mama ko damtse, fata ta yi ramuka kamar ɓawon lemo. Kada ki ce kumburin tiyata ne in ya zo sa'o'i kaɗan bayan nitso.

Tamoksifen yana ninka haɗarin daskarewar jini a jijiya sau biyu zuwa uku, ga doguwar tafiyar jirgin sama da ƙishirwar hamada. Ki riƙa tashi kina takawa a jirgi, ki sha ruwa kaɗan-kaɗan duk yini, ba lita guda gab da shiga teku ba. Ƙafa ɗaya ta kumbura ko sharaɓa ta yi ciwo, babu nitso sai an yi hoto. In nan gaba aka mayar da ke kan letirozol ko anastirozol, su ciwon gaɓoɓi suke kawowa da raunin ƙashi, sai a sabunta takardar kuma a auna ƙarfin ƙashi.

Malamin Nitso

Hajiya, in likitoci sun sa hannu, ga yadda za a tsara kaya da ranakun farko.

Bututun cikawa da sakin iskar rigar tasowa, wato rigar da ake hura wa iska don daidaita tashi da nitsewa, a kafaɗar hagu yake, kuma sai an ɗaga hannun hagu sama iska ke fita. Wannan shi ne hannun da aka yi wa aiki. In bai miƙe sosai ba iska za ta ƙi fita, ki fara tasowa da gudu, abin da Likita ya ce huhunki ba ya so. A tafkin ninƙaya ki maimaita wannan har ya zauna, ki kuma saba da igiyar sakin iska ta kafaɗar dama da ta ƙugu. Rigar da ke zagaye jiki tana matse ƙirji in ta cika. Ki nemi wadda jakar iskarta ke baya kaɗai, ki sassauta igiyar ƙirji ko ki cire ta, ki naɗa soson rigar nitso a igiyoyin kafaɗa. Kwamfutar nitso da agogo su koma hannun dama.

Rigar roba ta milimita 3 ta isa lokacin zafi da ruwa ke kai digiri 27 zuwa 28, ta milimita 5 lokacin sanyi da yake sauka wajen 21 ko 22. Ki zaɓi mai zif a gaba da zif a wuyan hannu. Tsohuwar rigarki kada ki yarda da ita sai kin gwada, jiki yakan sauya bayan kemo.

Tukunyar iska ta alminiyon da ake bayarwa a can kilo 14 ce ba iska, iskar bar 200 (bar ma'aunin matsi ne) ta ƙara kusan kilo 3, ga dalma kilo 6 zuwa 8 saboda gishirin Bahar Maliya ya fi na yawancin tekuna. Da sauran kaya an haura kilo 25. Kada ki ɗauka. Ki sa kaya kina zaune a bakin jirgi ko a cikin ruwa, ki cire su ki miƙa kafin ki hau tsani. Saboda haka nake ganin jirgi ya fi miki nitson gaɓa na Dahab, inda ake taka duwatsu da tukunya a baya, ga ƙafa mai sagewa. Ki sake awon dalma daga farko: tukunya a bar 50, riga ba iska, numfashi na daidai, ruwa ya tsaya a idanunki. Silikon ya ɗan fi ruwa nauyi, in kin ji kina karkata hagu ki matsar da rabin kilo zuwa dama. Masu sa maman roba na waje su guji na soso da mai aljihun iska, akwai na ninƙaya.

Ki fara da darasin tuni a tafki. Ranar farko a teku nitso ɗaya, mita 12, minti 30, wuri mara igiyar ruwa. Kwana biyu na gaba nitso biyu-biyu, kada a wuce mita 18, hutun minti 90 a tsakani, sai rana ta huɗu ki huta gaba ɗaya ki ga yadda hannu da jiki suka karɓa. Tasowa kada ta wuce mita 9 a minti, ki tsaya minti 5 a mita 5. In kina da shaidar naitiroks, wato iska mai ƙarin oksijin, kuma Likita ya gamsu da huhu, ki shaƙi mai oksijin kashi 32 ki bar kwamfuta a kan iskar yau da kullum, naitirojin da za ki kwasa zai ragu. Nutsattsen jirgin Thistlegorm da ke zurfin wajen mita 30, da mashigin Tiran, da Ras Muhammad, duk suna da igiyar ruwa mai ja, a bar su sai wata tafiyar. Abokiyar nitsonki da jagora su san hannun da aka yi wa aiki, don kada a fizgo ki ta nan zuwa cikin jirgi.

Bayan nitson kwanaki a jere, awa 18 ne mafi ƙarancin jira kafin hawa jirgin sama, 24 ta fi. Hawan Dutsen Musa a Sina, mai tsayin mita 2,285, hukuncinsa ɗaya da jirgin sama, don haka ziyararsa ta zo kafin a fara nitso ko bayan cikar wannan jiran. Inshorar nitso kuma ki bayyana musu cutar da magungunan a rubuce, ki karɓi amsarsu a rubuce kafin ki biya kuɗin tafiya.